Gyaran Ƙananan Na'urorin Gida: Karatun da Ke Wuce Yaranmu a Katsina



A kusan kowane gida a birnin nan, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, ba a rasa abin da ya lalace: fanka, fitila mai caji, janareta, cajar waya. Muna ɗaukar wannan a matsayin ɓacin rai da asarar kuɗi kawai. Abin da nake so in nuna shi ne, kowace lalacewa darasi ce da ta zo har gida, kuma mu da kanmu muke korar ɗaliban da "tashi ka ba mutane wuri" da zarar mai gyara ya buɗe jakarsa.

Mu ɗauki fankar sama a watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40. An kawo wuta, fanka tana gurnani amma ta ƙi juyawa, sai an tura ta da sanda. Mai gyara ya zo, ya kashe wutar gidan, ya cire wani ɗan abu mai wayoyi biyu da ake kira kwandansa, ya sa sabo, fanka ta tashi. Aikin bai kai rabin awa ba. Da an bar yaro ya riƙe masa tocila ya kuma tambayi dalili, da ya ji cewa kwil biyu ne a cikin fankar, kuma kwandansa ne ke sa wutar ɗaya ta ɗan riga ta ɗayan, wannan 'yar tazarar ce ke ba fanka turin farko. Idan kwandansan ya mutu, sanda ce ke yi masa aikinsa. Wannan bayanin yana cikin Fiziks na babbar sakandare, inda yara ke haddace shi daga allo ba tare da sun taɓa riƙe abin a hannu ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, gidaje da dama sun jingine janareta sun koma sola, kuma a nan ne darasin ya fi yalwa. Batir mai ƙarfin bolt 12 da aka rubuta wa 100Ah yana ɗauke da abin da ya kai wat 1,200 na awa guda. Idan irin na dalma ne, ba a so a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba zai yi saurin mutuwa. Saura 600 ke nan. Fanka mai cin wat 60 za ta yi wajen awa 10 a kai. A ƙara talabijin, lokacin ya ragu. Yarinyar da ke aji shida na firamare za ta iya wannan lissafi, kuma idan ita aka ɗora wa shi, za ta san abin da ya sa wuta ke ɗaukewa kafin asuba. Haka nan da hunturu: ƙura ta rufe faifan sola, caji ya ragu, maigida ya fara zargin batir, alhali tsumma da ruwa ne maganin. Yaron da ya duba lambar da ke kan na'urar caji kafin a goge faifan da kuma bayan an goge, ya yi gwajin kimiyya cikakke, da awo da kwatance da sakamako.

Ko mitar kati ta KEDCO ta koyar da mu wani abu. Kafin wa'adin 24 ga Nuwamba, 2024, sai da masu mita suka shigar da wasu lambobi na musamman har jeri biyu, kowanne mai alƙaluma 20, domin mitar ta ci gaba da karɓar kati. A gidaje da yawa yara ne suka yi wa iyayensu.

Kada a raina inda irin wannan lura ke kaiwa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke sanyaya kayan miya ba tare da lantarki ba. Ilimin da ke cikin randar kowace kaka ne ya tsaya ya yi wa tambaya.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan mata da iyayensu mata. Su ne ke wuni da na'urorin nan, su ne ke fara jin sautin firji ya canza, amma abin da ake ce musu shi ne a jira maigida ya dawo. Macen da ke sarrafa keken ɗinki, ta daidaita zarensa ta sa masa mai, ba canza fis ɗin filogi ne zai gagare ta ba. Ba a nuna mata ba ne kurum.

A birnin Amstadam na ƙasar Holan, a shekarar 2009, aka fara wani tsari na haɗuwar unguwa inda kowa ke kawo abin da ya lalace, masu sani su gyara tare da mai abin. Ina ganin ɗaliban sashen lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa za su iya yin irinsa a harabar makarantun firamare ranar Asabar, a ware wa mata nasu zaman da ɗalibai mata.

Sai dai a shata iyaka tun farko. Wutar da ke shigowa gidajenmu bolt 230 ce, kuma tana kisa. Yaro ya fara da tocila, rediyo, rimot da fitilar sola. Duk abin da ke haɗe da soket, a zare shi kafin a buɗe, babba yana tsaye. Batirin waya da ya kumbura ba a huda shi, ba a kuma jefa shi a wuta. Mita da wayar da ta fito daga turke kuwa, aikin ma'aikacin lantarki ne shi kaɗai.