JAWABIN SAKATARE: ABIN DA RIGA-KAFIN KORONA YA KOYA MANA GAME DA HAƘƘINMU





Kwamitin gudanarwa ya ɗora mini nauyin in yi bayani a kan allurar riga-kafin korona da yadda ta gudana a tsakanin gidajenmu na nan garin Lafiya. Na san wani zai ce, “Malam Sakatare, ai korona ta wuce, me ya kawo maganarta yanzu?” Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin ta-ɓaci da ta ba wannan annoba tun ranar 5 ga Mayu, 2023. To amma Bahaushe ya ce waiwaye adon tafiya. Riga-kafi bai ƙare ba, kullum ana kawo sabo domin 'ya'yanmu, kuma tambayoyin da muka yi a wancan lokaci su ne dai za mu sake yi gobe.

YADDA ABIN YA FARO

An tabbatar da ɓullar korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Kowa ya tuna kulle da rufe makarantu da hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Mu da akasarinmu direbobi ne da mahauta da fatake da 'yan kasuwar hatsi da doya, mun fi kowa jin jiki, domin wanda bai fita ba, ba za a ɗora tukunya a gidansa ba. Cutar ta ɗauki manya irin su Malam Abba Kyari a watan Afrilun 2020, haka kuma a nan jiharmu ta yi sanadin rasuwar wani ɗan majalisar dokoki a wannan shekara.

Ranar 2 ga Maris, 2021, kashin farko na allurar AstraZeneca, kusan miliyan huɗu, ya sauka a filin jirgin saman Abuja a ƙarƙashin shirin COVAX. An fara yin ta ranar 5 ga wata a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, washegari kuma aka yi wa Shugaba Muhammadu Buhari da mataimakinsa Farfesa Yemi Osinbajo a gaban 'yan jarida. Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ce ta jagoranci aikin, kuma shugabanta na lokacin, Dakta Faisal Shuaib, ɗan wannan jiha ne ta Nasarawa. An fara da ma'aikatan asibiti da tsofaffi, daga baya aka buɗe wa duk wanda ya kai shekara 18. A watan Agustan 2021 aka kawo Moderna da Johnson & Johnson, sannan Pfizer ta biyo baya. A 2022 kuwa, Nasarawa na cikin jihohin da hukumar ta riƙa ambata a sahun gaba wajen yawan waɗanda aka yi wa allurar.

TAMBAYOYIN DA JAMA'A SUKA YI

A matsayina na sakatare, mutane sun riƙa tare ni a kasuwa da tasha da ƙofar gida. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

Ta farko: me ya sa gwamnatin da ba ta ba mu maganin zazzaɓi kyauta ta dage sai ta yi mana wannan allura kyauta? Wannan tambaya ce ta mai hankali. Mutanen da suka ji labarin rumbunan kayan tallafi da aka fasa a garuruwa da dama a watan Oktoban 2020, aka tarar da abinci jibge alhali talaka na kwana da yunwa, ba za a ga laifinsu ba don sun yi shakka. Amsar ita ce, mafi yawan allurar gudummawa ce daga shirin COVAX da ƙasashe irin su Amurka, domin cutar da ke bin numfashi ba ta tsayawa a kan iyaka. Sun san muddin ba a kashe wutar a gidanmu ba, za ta koma nasu.

Ta biyu: shin ba gwaji za a yi da mu ba? Yawancinmu iyayenmu daga Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato suka taso, saboda haka ba mu manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba. A lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a Asibitin Zana, gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Iyaye sun yi ƙarar cewa ba a yi musu cikakken bayani ba, aka daɗe ana shari'a, sai a 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bambancin da ke akwai shi ne, allurar korona an riga an gwada ta a kan dubun dubatar mutanen da suka amince a ƙasashe daban-daban, Ingila ta fara yi wa mutanenta tun kafin ta iso gare mu, kuma hukumar NAFDAC ta ba da izinin amfani da ita a watan Fabrairun 2021.

Ta uku: an ce tana hana haihuwa, an ce duk wanda aka yi wa ba zai wuce shekara biyu a duniya ba, an ce cokali na manne wa a inda aka soka ta. 'Yan'uwa, wannan ba sai likita ya amsa ba. Ga ni tsaye a gabanku, sau biyu aka yi mini. Sunaye nawa muka halarta a Tudun Gwandara da Bukan Sidi da Shabu a gidajen da miji da mata duk sun karɓa? Irin wannan magana aka yi a kan ɗigon shan-inna a 2003, har jihar Kano ta dakatar da shi zuwa watan Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe, yara da dama suka nakasa. Da aka dawo aka ci gaba, sai ga shi ranar 25 ga Agusta, 2020, an bayyana cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna ta daji.

Ta huɗu: shin ba ta da illa ko kaɗan? Duk wanda ya ce muku haka bai faɗi daidai ba. Ni kaina na yi kwana biyu da zazzaɓi da ciwon dantse. Bayan wannan, a watan Afrilun 2021 hukumar magunguna ta Turai ta tabbatar cewa AstraZeneca na iya jawo wani irin daskarewar jini, sai dai ba kasafai ba, a tsakanin mutane ƙalilan ƙwarai. Haka kuma allurar ba ta hana kamuwa da cutar ɗungurungum. Babban aikinta shi ne rage tsanani da kwanciya asibiti da mutuwa, musamman ga tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini. Da an faɗa mana haka dalla-dalla da harshenmu tun farko, da jita-jita ba ta sami wurin zama ba.

Ta biyar: ba wadda ta lalace aka kawo mana ba? A nan ma akwai ƙamshin gaskiya. Wasu ƙasashe sun aiko da allurar da saura kaɗan wa'adinta ya cika. A watan Disambar 2021 gwamnati ta lalata sama da guda miliyan ɗaya a bainar jama'a a Abuja saboda wa'adinsu ya ƙare. Abin takaici ne, amma lalatawar ta nuna akwai masu duba kwanan watan da ke jikin kwalba.

Ta shida: dole ce ko ganin dama? Ba a kafa dokar da ta tilasta wa kowane ɗan ƙasa ba. Amma daga 1 ga Disamba, 2021, gwamnatin tarayya ta ce ma'aikatanta su nuna katin allura ko sakamakon gwaji kafin su shiga ofis. Sannan a aikin Hajjin 2022, bayan shekara biyu ba a je daga ƙasashen waje ba, Saudiyya ta sa allurar cikin sharuɗɗa. Da yawa daga cikinmu a lokacin ne suka miƙa hannu. A nan ne kuma ɓarna ta shigo, domin an sami masu sayar da kati ba tare da allura ba. Ni ma wani ya taɓa yi mini tayin haka, na ce masa a kai kasuwa. Mai sayen irin wannan kati kansa ya cuta, ya kuma ba da ƙofar da za a yi wa dukan al'ummarmu kuɗin goro.

INDA MAGANAR TA SHAFI HAƘƘINMU

Akwai abin da nake so mu lura da shi. Mun saba in an zo ɗaukar aiki ko neman gurbin karatu ko tallafin karatu, a ce a kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, ko da kuwa a nan aka yanke wa mutum cibiya, shi da mahaifinsa. Amma ƙa'idar riga-kafin korona ba ta nemi wannan takarda ba. Sunanka da shekarunka da inda kake zaune da lambar waya aka tambaya. Bahaushe da Eggon da Alago da Gwandara da Babarbare da Tibi da Bafillace duk layi ɗaya suka bi. Cuta ba ta tambayar asali, shi ya sa maganinta ma bai tambaya ba.

Wannan ba alfarma aka yi mana ba. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a faɗin ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa. Har ila yau akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Sashe na 20 ya hana asibiti ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa. Sashe na 23 ya wajabta a yi wa mutum bayanin halin da yake ciki da amfani da haɗarin abin da za a yi masa, cikin harshen da yake fahimta. Sashe na 26 ya ce a rufa masa asirin ciwonsa, sashe na 30 kuma ya ba shi damar kai ƙorafi. Dokar ta kuma hana a yi gwajin magani a kan mutum ba tare da amincewarsa a rubuce ba.

Ni da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka na san kunyar da ke kama mutum in an miƙo masa takardar Turanci a gaban jama'a. Na ga tsofaffi da aka yi musu allura ta farko, ba su san akwai ta biyu ba, saboda ranar komawa tana rubuce a kati ba wanda ya karanta musu. Na ga matan da suka juya gida saboda an daka musu tsawa don sun yi tambaya. Ku sani tambaya ba rashin kunya ba ce, haƙƙinku ce. Amma fa ma'aikacin lafiya shi ma ɗan Adam ne, yana wuni a tsaye cikin rana, a tambaye shi cikin ladabi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Babbar asarar da nake tsoro ita ce shakkar korona ta shafi riga-kafin ƙananan yara. Mun ga yadda mashaƙo ya yi ta'adi a Kano da maƙwabtanta a 2023, kuma akasarin yaran da ya kama ba su kammala allurarsu ba. A watan Oktoban 2023 an fara riga-kafin sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, a watan Disambar 2024 kuma aka fara na zazzaɓin cizon sauro a jihohin Kebbi da Bayelsa. Kowanne ya zo, jita-jita na biye da shi. Saboda haka ina ba mu shawarwari kamar haka:

1. Kowane maigida ya duba katin riga-kafin 'ya'yansa yau ɗin nan. Ana yi ne da haihuwa, da sati 6, da sati 10, da sati 14, da wata 9, da wata 15. In an tsallake wani, a koma asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, za a ci gaba.

2. Riga-kafin gwamnati kyauta ne. Wanda aka nemi kuɗi ko takardar asali a wurinsa, kada ya yi faɗa. Ya riƙe rana da wuri, ya sanar da mai unguwa ko ofishin ƙungiya, mu kai maganar inda ta dace a rubuce.

3. Kafin a yi allura a tambayi sunanta, da cutar da take karewa, da abin da zai iya biyo baya, da ranar dawowa. A nemi a yi bayani da Hausa.

4. In an ga alamar da ta wuce zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu, a koma asibiti nan take, a kuma tabbatar an rubuta rahoton.

5. Saƙon murya da ake turowa ta WhatsApp, wanda ba a san mai shi ba, kada a tura wa wani sai an tambayi ma'aikacin lafiya. Muna da 'ya'yanmu da suka karanci aikin jinya da unguwarzoma, mu amfana da su.

6. Matasa masu karatu su riƙa raka tsofaffi da iyaye mata, su karanta musu abin da ke cikin kati.

Iyayena da 'yan'uwana, wanda ya ƙaurace wa asibitin unguwarsa, shi ya mayar da kansa baƙo. Muna biyan haraji a kasuwannin garin nan, muna kaɗa ƙuri'a a nan, a nan muke binne iyayenmu. Saboda haka mu shiga kwamitocin lafiya na gundumominmu tare da maƙwabtanmu na sauran ƙabilu, a ji muryarmu tun ana shirya abu, kada sai an gama mu koma gefe muna gunaguni.

 Inda na yi kuskure a gafarce ni, a kuma gyara mini. Mai tambaya ƙofa a buɗe take bayan an tashi. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da garin Lafiya da jihar Nasarawa da Nijeriya baki ɗaya lafiya.