Wa ke riƙe wa mawaƙi takardunsa? Lacca kan manaja da gambarar zamani a Khartum da Omdurman

 

Na san akwai wanda ya ga taken laccar nan ya ce a ransa: ƙasar da ake yaƙi, me ya kawo zancen waƙa, balle manajan mawaƙi? Tambayar tana kan hanya. Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, miliyoyin mutane sun bar gidajensu, kuma ba mu manta da ɗalibanmu da aka kwaso daga Khartum a manyan motoci zuwa iyakar Masar ba. A watan Mayu na shekarar harsashi ya kashe mawaƙiya Shadin Gardud a Omdurman. To amma yaƙin ne ya tona abin da nake son mu duba. Da gari ya watse, mawaƙi ya fita da waya ɗaya a aljihu, sai aka ga bambanci tsakanin wanda aikinsa ke da mai tsaro da wanda ya bar komai a kwamfutar wani sutudiyo da ba zai sake ganinta ba. Sudan ba ta taɓa rasa murya mai daɗi ba. Abin da ta daɗe tana ƙarancinsa shi ne mutumin da zai tsaya bayan mai muryar, ya riƙe masa takardu, ya bi masa kuɗi, ya san inda kowace waƙa take.

Bari in fara da 'yar gida. A'isha Musa Ahmad, wadda Sudan ta sani da A'isha Falatiyya, an haife ta a Kasala, iyayenta sun taso ne daga ƙasar Sakkwato da niyyar aikin Hajji, zama ya kama su a can. Ita ce mace ta farko da aka ji tana waƙa a Rediyon Omdurman, gidan da aka buɗe a 1940. Ta yi waƙa da Larabci, ta yi da Hausa, ta rasu a 1974. A zamaninta, da shekaru da dama bayanta, gidan rediyon nan shi ne sutudiyo, shi ne kasuwa, shi ne ma'aji. Mawaƙi ya zo, a ɗauki muryarsa, a sallame shi, faifan ya zauna a gidan rediyo. Galibi ko kwafi ba a ba shi. Mawaƙi Kamal Keila ya yi sa'a ya riƙe wasu faya-fayan da aka ɗauka masa a can, kuma da su ne kamfanin Habibi Funk na Balin ya fitar masa da kundi a 2018, yana tsoho, 'yan shekaru kafin rasuwarsa. Ku dubi wannan: tarihin waƙar ƙasa guda a gini ɗaya. Ginin nan kuwa yana hannun RSF tun farkon yaƙi, sai a watan Maris 2024 sojoji suka karɓe shi.

Juyin mulkin Umar Al-Bashir na 1989 ya ƙara ƙuntata harkar. Mawaƙi Muhammad Wardi ya yi gudun hijira. A 1994 wani mai tsattsauran ra'ayi ya daɓa wa mawaƙi Khojali Usman wuƙa a kulob ɗin mawaƙa na Omdurman, ya mutu. Dokar kiyaye tarbiyyar jama'a ta sa kowane biki mai kiɗa sai da izini, kuma ƙarfe 11 na dare a kashe lasifika. Daga waje kuma Amurka ta ƙaƙaba takunkumi a 1997, wanda ya yanke ƙasar daga bankunan duniya, ba a ɗage shi ba sai Oktoba 2017, sunan Sudan kuma bai fita daga jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci ba sai Disamba 2020.

Cikin wannan matsi gambarar zamani, wato hip-hop, ta yi tsiro. Yara ne a ɗakunan kwana, da kwamfutar cinya da makirfo mai arha, suna tura wa juna waƙa daga waya zuwa waya, daga baya suka hau SoundCloud da YouTube. A Amurka, in an ce mawaƙi mai cin gashin kansa ne, ana nufin ba ya ƙarƙashin kamfani, wani ma kamfanoni sun neme shi ya ƙi. A Khartum babu kamfanin da zai ƙi. Dole ce ta sa kowa ya ci gashin kansa. Duk da haka sun yi abin a zo a gani. NasJota sun fitar da "B Sotak" suna kiran matasa su fito zaɓen 2010. Ayman Mao ya taso daga Amurka a Afrilu 2019 ya rera "Dam" a gaban dubban masu zaman dirshan a ƙofar hedikwatar soja. Bayan kisan da aka yi wa masu zaman dirshan ranar 3 ga Yuni, Flippter ya yi "Blue" a shirin COLORS na Balin, duniya ta ji. Sannan 'yan baya, irin su Soulja da Dafencii da TooDope, suka shigar da Larabcin Sudan kunnen matasan Alƙahira da Riyad.

Masu saurare sun samu, suna ya samu. Ina kuɗin? Nan ne aikin manaja yake, kuma ina so mu zauna a kansa, domin abin da zan faɗa ya shafi yaran Kano da Zariya da Maraɗi kai tsaye.

Ku ɗauki yaro a wata unguwa a Omdurman, ya gama waƙa, yana son ta hau Spotify da Apple Music. Ba ya iya loda ta da kansa, sai ta hannun kamfanin rarrabawa irin DistroKid ko TuneCore, su kuma suna son katin banki da duniya ta yarda da shi, da asusun da za su zuba kuɗi. A shekarun takunkumi yaron ba shi da ko ɗaya. Sai ya kira ɗan kawunsa da ke aiki a Jidda ko Dubai, ya ce, "Yaya, don Allah buɗe min." Yaya ya buɗe da sunansa, da imel ɗinsa, da lambar wayarsa. An yi don Allah, babu mai mugun nufi. Shekara biyu waƙa ta fashe, kuɗi suka fara taruwa. A idon kamfani, mai asusu shi ne mai waƙa. Idan Yaya ya sauya waya, ko ya bar ƙasar, ko zumunci ya yi tsami, yaro ya rasa ƙofar shiga dukiyarsa. Wanda ya haɗa kiɗan kuma bai sa hannu a komai ba, abokin da ya rera amshi ma haka. Ranar da wani kamfanin waya ya zo neman waƙar don talla, tambayarsa ta farko ita ce: wa zai sa hannu? Sai a rasa mai amsawa, ciniki ya wuce.

Manajan kirki shi ne wanda ya hango wannan tun waƙar ba ta fita ba. Ranar da aka gama ɗauka, kafin kowa ya sa takalminsa, zai fito da takarda ɗaya: wane ya rubuta baiti, wane ya haɗa kiɗa, kaso nawa na kowa, a sa hannu. Zai tabbatar asusu yana sunan mawaƙin, lambobin sirri suna hannunsa. Zai ajiye uwar waƙar, wato ainihin abin da aka ɗauka kafin a tace, a wuri biyu ko uku, ɗaya a wajen ƙasa. Sudan tana da dokar kare haƙƙin mallaka ta 2013, kuma ta shiga yarjejeniyar Berne tun 2000. Amma doka ba ta tashi ta bi maka haƙƙinka, sai ka zo mata da shaida a hannu, shaidar kuwa wani ne yake zama ya tara ta.

Haka daren wasa. Bayan an soke dokar tarbiyya a Nuwamba 2019, Khartum ta ɗan sha iska, aka fara cika wurare da matasa, har juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021 ya sake dagula al'amura. Mawaƙi yana bayan dandali yana maimaita baitinsa, hankalinsa na kan abu ɗaya. Wani ne zai karɓi rabin kuɗi tun kafin ranar, ya ga saƙon banki ya shigo da idonsa. Shi zai tambayi man janareta, ya gwada makirfo da rana, ya tsaya a ƙofa ya ƙirga waɗanda suka shiga don kada mai shirya wasa ya ce masa mutane ba su zo ba. A ƙasar da darajar kuɗi ke zubewa kowane wata, bashin da aka biya ka bayan wata uku an ci rabinsa. Mawaƙin da ke wannan ciniki da bakinsa yakan yi asara ta ɗaya daga hanya biyu: ko kunya ta sa ya karɓi abin da aka miƙo, ko ya yi faɗa a ce ba shi da ladabi. Manaja yana ɗauke masa wannan, ya zama shi ne mai cewa a'a, mawaƙi ya ci gaba da gaisawa da kowa.

Cewa a'a ɗin ba a kan kuɗi kaɗai take ba. Duk wanda ya tara matasa, masu mulki da masu neman mulki za su neme shi. Mu nan mun san yadda waƙar siyasa ɗaya ke sayar da mutuncin shekara goma. A Sudan ta yau abin ya wuce mutunci, ya kai ga rai, domin baiti ɗaya na iya sa a lissafa ka da wannan ɓangare ko wancan, alhali iyayenka suna zaune a yankin da ɗayan ke iko. Yaro ɗan shekara ashirin da biyu yana bukatar babba mai sanyin kai kusa da shi, wanda zai ce masa, "Ƙanena, bari mu kwana a kan wannan."

Abin da ke ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne, ɗaya daga cikin manajojin da ake ji da su a hip-hop na Amurka ɗan Sudan ne. Ibrahim Hamad ya haɗu da mawaƙi J. Cole suna ɗalibai a Jami'ar St. John's da ke New York, lokacin babu wanda ya san Cole. Tare suka kafa Dreamville a 2007, shi ne manajansa, shi ne kuma shugaban kamfanin. Ƙanensa Abbas, wanda aka sani da Bas, a kamfanin yake waƙa, kuma a 2023 ya fitar da "Khartoum" tare da Adekunle Gold na Najeriya, kan yaƙin da ya tarwatsa danginsa. Ibrahim bai fara da jari ba. Ya fara ne da yarda da abokinsa, da juriyar buga waya ana ƙin ɗauka. Irinsa suna nan a Bahri da Omdurman, suna nan a Fagge da Sabon Gari, sai dai ba wanda ya gaya musu cewa wannan sana'a ce.

Kada in yi muku zaƙin baki, harkar tana da ramuka. A gargajiyarmu makaɗi yana da ubangida, wanda ke ba shi doki da riga da hatsi, shi kuma ya zama nasa. Da yawan masu kiran kansu manaja a yau ubangida suke son zama: ya biya kuɗin sutudiyo sau biyu, sai ya ɗauka ya sayi yaro da waƙoƙinsa har abada. Wannan kuskure ne babba. Manaja ma'aikacin mawaƙi ne, la'ada yake ci, a al'adar kasuwar duniya kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na abin da ya shigo. In mawaƙi bai samu ba, shi ma bai samu ba. Wanda ya ce ka fara biyansa kafin ya yi maka aiki, ko ya ce a rubuta waƙoƙinka da sunansa, ka yi masa sallama da mutunci ka wuce.

Ko inda ake ƙaunar juna, rashin rubutu yana ɓata zumunci. Chance the Rapper na Chicago ya ci kyautar Grammy uku a 2017 ba tare da kamfani ba, shi da manajansa Pat Corcoran, har ana buga misali da su. Yarjejeniyarsu ta baka ce. Da suka ɓata a 2020, sai kotu, ana jayayya kan miliyoyin daloli. Mu da aka umarta a cikin Suratul Baƙara da mu rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, bai kamata a ce muna jin nauyin miƙa wa aboki biro ba.

Yanzu mawaƙan Khartum sun bazu: Alƙahira, Riyad, Dubai, Kampala, Nairobi. Aikin manaja ya ƙaru da abin da bai shafi kiɗa ba sam. Takardar zama, izinin yin wasa a ƙasar da kake baƙo, biza da fasfon da ofisoshin jakadanci ke ɗari-ɗari da shi, wasiƙar gayyata da dole ta iso wata biyu kafin ranar wasa. Akwai kuma masu shirya bukukuwa a Turai da ke son mawaƙin Sudan ya zo ya ba da labarin yaƙi kyauta, a ce masa ai za a san shi. Wani ne zai amsa musu da ladabi cewa yaron nan yana ciyar da mutum takwas da ke gudun hijira, ga farashinsa.

Shi ya sa maganata ta fi karkata gare ku, ɗaliban shari'a da lissafin kuɗi da aikin jarida. Kowannenku ya san yaro mai baiwa a unguwarsu, wanda ke son bin sawun ClassiQ ko Morell ko DJ AB, kuma ba shi da mai duba masa ko layi ɗaya na yarjejeniya. Ba sai kun iya waƙa ba. Ku zauna da shi da shaidu biyu, ku rubuta shafi ɗaya: shekara nawa za ku yi tare, kuma ina ba da shawarar a fara da ɗaya, kaso nawa ne naka, daga waɗanne kuɗi, wa ke da waƙoƙin, amsar kuwa shi ne, ranar da za ka riƙa nuna masa lissafi kowane wata, da yadda za a rabu idan zama ya ƙi. Kowa ya riƙe kwafinsa, a ɗauki hotonsa a tura wa wani amintacce da ke wani gari.

Shugaban taro, a nan zan dakata, in akwai tambayoyi ina saurare.