Sabon Ɗan Kwangila: Wace Rajista Zai Yi, Wane Haraji Ke Kansa?



An nemi in yi magana a kan abin da ya kamata mai shirin shiga harkar kwangila ya sani game da rajista da haraji. Maganata ɗaya ce, sauran duk bayaninta ne: ribar kwangila ko asararta a takarda ake fara yin ta, tun ba a sauke buhun siminti ko ɗaya ba. Gwanin aiki yakan gama gini lafiya, kowa ya yaba, ya tashi da bashi, saboda bai san da wane suna ya sa hannu ba, bai kuma san nawa ne nasa a cikin kuɗin da aka biya shi ba.

Sunan kasuwanci ko kamfani?

Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, ita ce ta shimfiɗa hanyoyin, hukumar CAC kuma ita ke yin rajistar. Hanyoyi biyu ne suka fi shafarku.

Ta farko rajistar sunan kasuwanci. Tana da araha, ba ta da dogon turanci. Sai dai a idon doka kai da kasuwancin abu ɗaya ne. Suna kawai ka laƙaba masa. Idan mai rodi ya biyo bashinsa, ko katangar da ka gina ta faɗa wa wani, kai za a kai ƙara, kuma hukunci zai iya kaiwa ga motarka da filinka. Harajinka ma na mutum ne, hukumar haraji ta jihar da kake zaune za ka biya, kamar KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna.

Ta biyu kamfani mai iyakantaccen alhaki, wanda muka fi sani da limitid. Shi wannan doka ta ɗauke shi mutum mai zaman kansa: yana mallakar dukiya, yana cin bashi, yana kai ƙara, ana kai shi. Tushen wannan ƙa'ida wata shari'a ce da aka yanke a Ingila a 1896, ta wani mai sana'ar takalma, Aron Salomon. Ya mayar da sana'arsa kamfani, kamfanin ya karye, aka nemi a kama shi da bashin. Kotun ƙoli ta lokacin, wato Majalisar Dattawan Ingila, ta ce kamfani daban, mai kamfani daban. A kan wannan hukunci dokarmu take tafiya har yau. Harajin kamfani na tarayya ne, hukumar da aka sani da FIRS ke karɓa, wadda sabbin dokokin haraji na 2025 suka sauya wa suna zuwa NRS.

Da can sai mutum biyu ke kafa kamfani, shi ya sa za ka ga an cusa sunan mata ko ƙane wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Dokar 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa nasa, mafi ƙarancin jarin da za a rubuta kuma naira 100,000 ne. Ta kuma buɗe ƙofar haɗin gwiwa mai iyakantaccen alhaki, wanda ya dace da abokai biyu ko uku masu sana'a ɗaya, kamar injiniya da mai zanen gida.

To, wanne za ka zaɓa? Ka yi wa kanka tambaya biyu. Wa zai ba ni aiki? Kuma idan aikin ya ɓaci, nawa ne asarar? Mai gyaran famfo da wayarin a gidajen unguwa, wanda aikinsa bai wuce na dubu ɗari biyu ko uku ba, sunan kasuwanci ya ishe shi. Wanda ke hangen ginin azuzuwa, ko haƙa rijiyoyin burtsatse, ko kai kaya ma'aikatu, yana ɗaukar leburori, yana karɓar kaya bashi, kamfani ya fi masa. Kada a yi limitid don burga. Yana zuwa da nauyi: rahoton shekara ga CAC, lissafin kuɗi a rubuce, da bayanin haraji kowace shekara ko an yi aiki ko ba a yi ba.

Katangar limitid ma tana da ƙofa. Idan ka tsaya wa kamfaninka a banki da sunanka, bashin ya dawo wuyanka. Haka idan kamfani ya karɓi kuɗin kafin alƙalami don wani aiki, darakta ya karkatar da su da nufin zamba, doka ta ce shi da kansa zai biya.

Sai batun aron kamfani, wanda ya zama ruwan dare. Mutum ya samo aiki, ba shi da takardu, sai ya ari na wani a kan za a ba mai kamfani wani kaso. Kuɗi asusun mai kamfani za su shiga, shaidar harajin da aka cire da sunansa za ta fito, tarihin aikin ma nasa ne. Kai da ka sha rana ba ka da abin nunawa gobe. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Kuɗin da ya shigo ba duka ne naka ba

Haraji uku ne sabon ɗan kwangila zai fara cin karo da su.

Na farko VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a watan Fabrairun 2020. Ba daga ribarka yake fita ba. Mai aiki ne ke biya, kai ɗan aike ne, kuma ana miƙa bayaninsa zuwa ranar 21 ga wata mai bi. Idan aikin gwamnati ne, ma'aikatar da kanta take cire shi ta tura.

Na biyu harajin da ake cirewa tun daga tushe, wanda za ku ga an rubuta WHT a kan baucan biya. Bisa ƙa'idojin da suka fara aiki a Janairun 2025, ana cire kashi 2 a ginin hanya, gada ko gida da kuma kai kaya, kashi 5 a aikin ƙwararru masu ba da shawara. Wanda ba shi da lambar haraji, wato TIN, ninki biyu ake cire masa.

Ga misali. An ba ka ginin azuzuwa a kan naira miliyan 10, ka lissafa kaya da leburori miliyan 9, kana murnar ribar miliyan ɗaya. Ba ka lura ba, takardar ta ce farashin ya haɗa da dukkan haraji. Ranar biya akanta zai zare VAT daga ciki, kusan naira 698,000. Daga abin da ya rage zai cire kashi 2, kusan naira 186,000. Abin da zai faɗo asusunka kusan naira 9,116,000 ne kawai. Ribar miliyan ɗaya ta koma dubu ɗari da 'yan kai, kafin a yi maganar tashin farashin siminti ko jinkirin biya. Da ka rubuta miliyan 10 ka ɗora VAT a kai, takardar ta zama 10,750,000, da miliyan 9.8 za ka karɓa. Layi ɗaya ne a takarda ya raba waɗannan lissafi biyu.

Wancan kashi 2 kuwa ba ɓacewa ya yi ba. Ajiya ce aka yi maka a kan harajin shekara. Amma sai wanda ya cire ya tura da lambarka, an ba ka shaida, sannan za a rage maka. Ka bi sawun wannan shaida kamar yadda kake bin sawun kuɗin aikin.

Na uku harajin riba. A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabbin dokokin haraji huɗu, manyansu suka fara aiki a Janairun 2026. A ƙarƙashinsu, mai sunan kasuwanci ba ya biyan komai a kan naira 800,000 na farko na abin da ya samu a shekara, daga nan harajin yana hawa mataki-mataki har kashi 25. Babban kamfani yana biyan kashi 30 na riba, da harajin raya ƙasa kashi 4. Ƙaramin kamfani an yafe masa duka biyun. Iyakar cinikin da tsohuwar doka ta sa ita ce naira miliyan 25 a shekara, sabuwar ta ɗaga ta, amma ta fitar da masu sana'ar ƙwararru daga wannan rangwame.

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Yafe biya ba yafe bayani ba ne. Mutum yana miƙa nasa bayanin zuwa 31 ga Maris, kamfani kuma cikin wata shida bayan rufe shekarar lissafinsa. Wanda ya yi shiru, tarar naira 100,000 ce a watan farko, 50,000 a kowane wata bayansa. Babu bayani kuma babu takardar shaidar biyan haraji, wadda dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta sa ta zama sharaɗin neman aiki. A aikin tarayya akan nemi ta shekara uku, tare da shaidar hukumomin PenCom, ITF da NSITF, da rajistar hukumar BPP. Wanda ya bari sai an yi tallar aiki a jarida sannan ya fara neman waɗannan, an rufe akwatin karɓar takardun neman aiki yana kan layi.

Kammalawa

Ina roƙonku abu huɗu. Ku yi rajistar da ta yi daidai da girman aikinku. Ku buɗe wa kasuwanci asusunsa daban, kada kuɗin cefane da na rodi su kwana aljihu ɗaya. In kamfani ne, ka yanka wa kanka albashi. Ku ajiye rasit na kowane abu, har tifar yashi da ladan lebura, domin abin da ba a rubuta ba jami'in haraji ba zai ɗauke shi kuɗin da aka kashe ba, riba zai ɗauke shi. Kuma kafin ku sa hannu a kwangilar farko, ku kai takardar wurin akanta ko lauya ya karanta. Ladansa bai kai kuɗin buhunan siminti kaɗan ba.

Ga malamanmu kuma, a koya wa ɗalibai lissafin haraji tare da lissafin bulo da rodi, domin a takardar farashi ɗaya suke haɗuwa.