Jawabin Ranar Bikin Ƙungiya: Idan Gwiwar Mai Ciwon Zuciya ta Kumbura



Kun ji lissafin adashe da na rance. Mu kuma abin da muka gani wajen jinya za mu faɗa muku.

A daminar bara muka kai wata 'yar'uwarmu daga nan Rawayya zuwa asibiti a Gusau da kuɗin asusunmu. Zuciyarta ta gaza, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama. Aka sa mata Lasix, maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari, ta fara samun sauƙi. Daren kwana na huɗu sai gwiwarta ta tashi, zafi zau, ko zane ba ta yarda ya taɓa ta.

Wata ta ce sanyi ne, wata ta ce jifa ne. Muka ruga kemis muka sayo ƙwaya. To, nan karatun yaƙi da jahilci ya yi mana rana: muka haɗa baƙi muka karanta diclofenac, muka nuna wa malamar jinya. Ta ce kul! Irin wannan magani yana riƙe gishiri da ruwa a jiki, ya taɓa ƙoda, ya mai da mai ciwon zuciya baya.

Likita ya lissafa mana abu uku da yake zargi. Ko dai gawut, wato sinadarin yurik asid ya daskare cikin gaɓa kamar ƙwayoyin gishiri, kuma maganin fitsari kan tayar da shi. Ko ƙwayar cuta ta shiga ta yi mugunya, wadda kan cinye gaɓa cikin 'yan kwanaki. Ko jini ya taru, ga mai shan maganin tsinka jini irin warfarin. Ido ba ya rarrabewa, gwajin jini ma shi kaɗai bai isa ba. Sai an zuƙo ruwan gwiwar da allura an duba.

Wallahi da farko mun ƙi, muna tsoron ta gurgunce. Da muka yarda, aka ga gawut ne. Aka ba ta maganin da ya dace da zuciyarta, ba a tsai da Lasix ba. Yau ga ta nan zaune cikinmu.

Roƙonmu, 'yan'uwa: in gaɓar mai ciwon zuciya ta kumbura farat ɗaya, a faɗa wa likita a take. Kada a ba ta ƙwayar kemis a ɓoye, kada ta bar maganinta da kanta, kada mu hana allurar gwaji.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara haɗa kanmu.