Ƙananan Samfuran Motocin Tsere na Dauri da Hanyar Sanyaya Injinsu



Gabatarwa

Laccar yau ta shafi wata sana'ar hannu wadda ta yi ƙarfi a ƙasar Amurka, watau ƙera ƙananan samfuran motocin tsere na dauri. Mai hange daga nesa yana iya ɗaukarta wasa, irin motar kara ko ta langa-langa da yara ke yi a ƙasar Hausa. Lalle akwai dangantaka, amma mai ƙera samfuri ya ɗaure kansa da abu biyu waɗanda ba su dami yaro ba: ma'auni da tarihi. Abin da za a nuna shi ne, ba a fenti ko lambar mota ake gane gwani ba, sai a lagireto da tiyo da fanka, domin ba mai iya kwaikwayonsu daidai sai wanda ya fahimci aikinsu.

Asalin Motocin

A shekarar 1948 Bill France ya kafa ƙungiyar NASCAR a garin Daytona na jihar Fulorida. A 1949 aka yi tseren farko a Charlotte na motoci irin waɗanda kowa ke iya saye a kamfani, bisa sharaɗin ba a sāke musu kome ba. Glenn Dunaway ya riga kowa isa, amma aka soke nasararsa don an taɓa sifirin ɗin bayan motarsa, aka ba Jim Roper. Wannan ya nuna tsananin dokar. Motar da aka ƙera don kai iyali unguwa ita aka tilasta wa gudun mil 500 a filin Darlington tun daga 1950. Ke nan zafin inji ya zama abokin gaba na farko.

Yadda Ake Sanyaya Inji

Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ya ƙona ruwa ne ke kwashe shi a matsayin zafi. Famfon ruwa, wanda fambel ke juyawa, yana tura ruwan ta cikin ramukan jikin inji. Ruwan ya fita da zafi ta tiyon sama zuwa lagireto, ya bi ta siraran bututu masu ɗauke da ƙananan fukafukan ƙarfe, iska ta huce shi, sa'an nan ya koma ta tiyon ƙasa. Murfin lagireto kuwa yana riƙe matsi, saboda haka ruwan ba ya tafasa a digiri 100, sai ya kai wajen 120.

Kowane zamani da irin matsalarsa. A filayen ƙasa, da kuma bakin tekun Daytona inda aka yi ta tsere har 1958, laka da rairayi kan toshe lagireto, don haka makanikai suka riƙa kafa ragar waya a gabansa. Da aka koma manyan filayen kwalta, sai matsalar ta juya. Iskar da ke shiga gaban mota tana sanyaya inji, amma tana rage gudu. Motar Dodge Charger Daytona ta 1969 da Plymouth Superbird ta 1970 an yi musu dogon hanci mai tsini don keta iska, ƙofar shigar iska ta tsuke ƙwarai. Da irin ta farkon Buddy Baker ya haye gudun mil 200 a awa a filin Talladega cikin 1970. Kowane makanike a lokacin ciniki yake yi tsakanin gudu da sanyi.

Aikin Mai Samfuri

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne 1:25 ko 1:24, kamar yadda kamfanonin AMT da Revell da Monogram suka saba fitarwa. A ma'aunin 1:25, mota mai tsawon mita 5 takan koma santimita 20. Tiyo mai kaurin santimita 4 yakan koma milimita 1.6. Fukafukan lagireto kuwa, waɗanda tazararsu ba ta wuce milimita 2 ba, sukan koma kaurin gashin kai, abin da roba ba ta iya fitarwa. Saboda haka gwanaye kan yanke robar su sa siririyar ragar tagulla, su lanƙwasa wayar dalma ta zama tiyo, su yanka siririn tef ya zama fambel.

A nan ne ilimi ke raba gwani da ɗan koyo. Wanda bai san hanyar ruwa ba zai haɗa tiyon sama da famfo, ya ƙera injin da ba zai yi mil ɗaya ba da a ce na gaske ne. Wanda bai san tarihi ba zai sa farin lagireton alminiyam a Hudson Hornet, motar da ta ci gasar 1951 da 1952 da 1953, alhali lagireton zamaninta na jan ƙarfe ne da tagulla, ana shafa masa baƙin fenti. Haka nan wanda ya ƙera motar filin ƙasa ba raga a gabanta ya ɓoye wa mai kallo irin wahalar da direbobin suka sha.

Kammalawa

Da yawa daga cikin motocin nan sun ragargaje a fili ko an sayar da su ga 'yan gwangwan, sai hotuna suka rage. Samfuri, saboda haka, shaida ne, kuma shaidar zur ta fi rashin shaida muni, tun da gani ya kori ji. Darasin bai tsaya ga masu mota ba. Ɗalibin da ke taƙaita littafi da ma'aikacin da ke taƙaita fayil ga shugabansa duk samfuri suke ƙerawa. Ana iya rage girman abu sau 25, amma ba a yarda a rage gaskiyarsa ba.

Allah ya sa a amfana. Wassalam.