Damuwar Mai Ciki: Darasin Da Korona Ta Bar Mana

 Yau hirar tamu a kan mai juna biyu ce, da abin da ke cin ta a zuci wanda ba a gani da ido.

Ki tuna shekarar 2020. A ƙarshen watan Fabrairu aka samu mutum na farko mai korona a Legas, kafin Afrilu ya ƙare dokar kulle ta rufe Kano, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, azumi ma a kulle muka yi shi. Wata ƙanwata tana da cikin fari a lokacin. An shirya za ta tafi gida goyon ciki, hanya ta rufe. Maigidanta ɗan kasuwa ne, ba fita ba samu. Asibiti kuma tsoronsa take ji. Kullum na buga waya sai ta ce, “Lafiya lau Yaya.” Ashe ba ta barci, abinci sai an yi da gaske, kuka kuwa sai ta shiga banɗaki.

To 'yar uwa, wannan ba raki ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba. Ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mata 16 cikin 100 na fama da irin wannan lalura lokacin goyon ciki, akasari ciwon damuwa. A 2022 kuma ta ce a shekarar farko ta annobar, damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya.

Ina ruwan ɗan da ke ciki? Da ruwansa mana! Idan fargaba ta daɗe, jiki yakan yi ta fitar da wani sinadari mai suna kotisol, wani abu daga cikinsa yakan kai ga jaririn ta mabiyiya. Sannan wadda ranta ke ƙunci ba ta cin abincin kirki, tana tsallake awo, tana mance maganin ƙarin jini. Shi ya sa likitoci ke alaƙanta damuwa mai tsanani da haihuwa kafin mako 37, wato bakwaini, da haihuwar jaririn da bai kai kilo 2.5 ba. Amma kar hankalinki ya tashi, ba duk mai damuwa ce ke haihuwa haka ba. Haɗarin ne ke ƙaruwa, kuma ana iya rage shi.

Annobar ta lafa, a watan Mayun 2023 aka janye matakin gaggawa na duniya. Sai dai kaɗaici da rashin abin hannu ba su tafi da ita ba. Saboda haka idan kin yi mako 2 cikin baƙin ciki, ba abin da ke miki daɗi, barci ya ƙaurace, gaba na yawan faɗuwa, ki faɗa wa malamar awo kamar yadda za ki faɗi ciwon mara. Kunyar cikin fari kada ta rufe miki baki; barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Kar ki sha maganin barci sai da izinin likita. In kuwa tunanin cutar da kanki ya zo miki, a ranar za a tafi asibiti, ba gobe ba.

Maigida, in kana jin mu, zauna ka saurare ta ko na minti goma ne, ka raka ta awo. Iyayenmu surukai, a daina cewa “mu ma haka muka haihu.” Ƙanwar tawa maƙwabciyarta ce ta lura, ta riƙa leƙo ta ta katanga har ta kai ta asibiti, Allah ya sauke ta lafiya. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Yau ki leƙa mai cikin da ke kusa da ke.