ZAGA BIRNIN DAMAGARAM A ƘAFA
Jawabin da aka gabatar a Falanko albarkacin bikin cika shekara ɗari na sarauta

 

 

Sarautar da ta cika shekara ɗari ta cancanci a waiwayi ƙasar da ta tsiro a cikinta, kuma ba a ba da labarin Damargu a cire Damagaram. A wannan taro da wuya a sami magidancin da bai taɓa zuwa Zinder ba. Wani ya je kasuwa, wani asibiti, wani neman takarda, wani ya kai yaro makaranta. Sai dai yawanci a tasha ake sauka, a hau kabu-kabu, a biya buƙata, a juyo kafin rana ta faɗi. Ta haka mutum kan yi shekara 30 yana zuwa birnin bai taɓa ganin sa ba. Manufar wannan jawabi ita ce a bi baƙo ɗan Damargu wanda ya ware yini guda ya zaga birnin a ƙafa, a ga abin da zai tarar, da abin da ya shafi mutanen wannan ƙasa a ciki.

Zango: masaukin mutanen arewa

Wanda ya fito daga arewa, tun kafin ya shiga gari zai wuce matatar man fetur ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 a cikin ƙasar Olelewa. In ya sauka da sassafe, ya dace ya fara da unguwar Zango, domin nan ne kakanninsa suke sauke kaya. Sunan unguwar ya faɗi aikinta. A ƙarni na 19 ayarin Abzinawa, musamman Kel Owi, kan gangaro da kantun gishirin Bilma da dabino, su ratsa Damargu, su sayi hatsi, su yada zango a bayan ganuwar Zinder kafin su wuce Kano. Tare da su akwai fataken Gat da Gadamas masu kayan Tarabulus: takarda, alharini, yadi, sukari da turare. In za su koma kuwa sai su ɗauki jemammun fatu da hauren giwa da gashin jimina, wanda ƙasar Damargu ta yi suna da shi. Gaskiyar tarihi ta wajabta a faɗi cewa cikin abin da ake kaiwa arewa har da bayi, ƴan Adam da aka raba da garuruwansu, kuma wani ɓangare na dukiyar birnin a kan hawayensu aka tara shi.

A lungunan Zango baƙo zai ga gidajen attajiran wancan zamani da na jikokinsu, soraye masu zankwaye, fuskar gida cike da zane, wani an tono shi a cikin yaɓe, wani an shafe shi da launi. Mafi shahara cikin attajiran unguwar shi ne Malam Yaro, wanda harkarsa ta kai har gaɓar tekun arewa. Mai tafiya a mota bango kawai yake gani. Mai tafiya a ƙafa shi ke iya tsayawa ya ƙirga layin azara, ya ga inda aka shafa makuba don ruwa kada ya ci bango, ya lura da indararon da ke zubar da ruwan rufi nesa da gindin gini. Zai kuma ga gidajen da aka rushe aka maye da siminti da kwano, da waɗanda magada suka watse suka bar wa damina.

Duwatsu da barikin soja

Daga Zango ya nufi kudu, zai ratsa tsakiyar garin da Turawa suka shata, mai faɗaɗan tituna da tsofaffin ofisoshi. Waɗannan gine-gine shaida ne cewa daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedkwatar ƙasar Nijar, kafin a mayar da ita Yamai. Cikin dalilan da aka bayar har da ƙarancin ruwa, matsalar da birnin ya daɗe yana fama da ita saboda dutse ne a ƙarƙashinsa. A nan ma hannun Damargu ya fito, domin daga cikin ruwan da birnin ke sha akwai wanda ake turowa daga rijiyoyin Ganaram. Ƙasar da ta ciyar da ayari da gero ita ce kuma take taimakon birnin da ruwa.

A kan tulin duwatsun da ke kallon Birni akwai tsohon barikin soja. Labarinsa ya fara ne ranar 5 ga watan Mayu 1898, lokacin da aka kashe Kyaftin Kazamaju na Faransa a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A ƙarshen watan Yuli 1899 rundunar Faransa ta gwabza da mayaƙan Damagaram a Tirmini, yamma da birnin, ta ci nasara, ta shiga gari. An kashe Kuran Daga a watan Satumba na shekarar. A watan Nuwamba kuma wata rundunar, ta Furo da Lami, ta iso daga Aljeriya bayan ta ratsa Abzin da Damargu. Turawa sun raɗa wa barikin sunan Kazamaju, bayan samun mulkin kai aka mayar masa da sunan Tanimu. Da yake wurin soja ne, daga nesa baƙo zai kalle shi ya wuce.

Birni

Kafin ya shiga Birni zai ci karo da guntayen ganuwa, tudun jar ƙasa nan da can tsakanin gidaje. Sarautar Damagaram ta samo asali a ƙarni na 18 daga zuriyar Malam Yunus, kuma ta daɗe tana kai gaisuwa Barno. Shi ya sa har yau ake jin sarautun Barebari a fada, irin su Ciroma da Galadima da Kaigama da Yarima, alhali harshen gari Hausa ne. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaimanu ya zaunar da gadon sarauta a Zinder, ɗansa Tanimu kuma, wanda ya yi fiye da shekara 30 a kan gado har rasuwarsa a 1884, shi ya ɗaukaka birnin. Ya kewaye shi da ganuwa mai tsawo da kauri, ya tara bindigogi, ya sa maƙeran gari suna zuba igwa suna haɗa albarushi. Ganuwar da ta tsare gari daga mahara, rashin kula da ɗibar ƙasar gini sun kusa gamawa da ita.

Cikin Birni hanya ba ta miƙewa. Lungu kan lanƙwasa ya kewaye dutse, ya ƙuntace har mutum biyu su goga kafaɗa, sannan ya buɗe a wani fili mai inuwar bedi inda dattawa ke zaune a kan tabarma. An shata waɗannan lunguna ne don mai ƙafa da jaki da doki, kuma ƙuncinsu shi ke ba da inuwa da rana. A nan ladabin tafiya yake da amfani. Baƙo ya yi sallama, ya gaida manya, ya nemi izini kafin ya leƙa zaure ko ya ɗauki hoto, ya tuna gidajen mutane ne yake ratsawa. In ya rikice ya yi tambaya, matambayi ba ya ɓata, kuma sau da yawa amsar takan zo da labarin da babu shi a littafi.

Cikin waɗannan lunguna ne ake nuna gidan da Bajamushen nan Henri Bart, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya sauka daga ƙarshen Disamba 1852 zuwa ƙarshen Janairu 1853, a kan hanyarsa ta zuwa Tumbutu. Labarinsa ya taɓa Damargu kai tsaye. A Janairu 1851 shi da abokan tafiyarsa biyu sun iso wannan ƙasa tare da ayarin gishirin Kel Owi, kuma a Tagelal suka rabu: Bart ya nufi Katsina da Kano, Obawek ya nufi Maraɗi da Gobir, shugabansu Ricadsan ɗan Ingila ya nufi Zinder, ya rasu a watan Maris kafin ya kai Kukawa. Abin da suka rubuta game da rumbunan Damargu da kasuwar Zinder yana cikin tsofaffin shaidun da duniya ta san wannan yanki da su.

Fada da masallaci

Duk lungun da baƙo ya bi, ƙarshensa ƙofar fada. Ginin ya samo asali tun tsakiyar ƙarni na 19, kuma har yau gidan sarauta ne mai rai, dogarai da jajayen riguna a bakin ƙofa, masu ƙara da masu gaisuwa suna jiran a yi musu iso. Wanda aka ba izinin shiga zai bi zaure bayan zaure, ya ɗaga kai ya ga daurin guga, wato bakan ƙasa da azara da ke ɗauke da rufi ba tare da ƙarfe ko siminti ba. Ranar hawan Salla filin nan kan cika da dawaki da kakaki da algaita, kuma a nan makaɗa irin su Ma'azu Ɗan Alalo suka yi suna.

Akwai darasi a wannan fada ga duk mai riƙe da sarauta. A 1906 Turawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya tawaye, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodibuwa, suka bar garin a hannun wakili. Sai a 1923 aka maido da sarautar, aka naɗa Barma Mustafa. Shekara 17 gadon yana wofi, amma jama'a ba su manta gidan ba, domin sun riƙe tarihinsa da jerin sarakunansa a ka. Sarautar da talakawanta suka san labarinta tana iya faɗuwa ta tashi.

Kusa da fada kuma baƙo zai tsaya a wurin da ya fi kowane sosa rai. Tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya rushe a farkon watan Satumba 2024 sakamakon ruwan sama mai yawa. Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar Damagaram cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, kamar yadda aka amince da tsohon garin Agadas a 2013. Shiga jeri bai hana bango jiƙewa ba. Magina sun sani ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓen shekara-shekara da gyaran indararo kafin ruwan fari, kuma ranar da aka daina wannan hidima ranar ce aka fara rushe shi.

Kasuwa da komawa gida

Da la'asar sai baƙo ya gangara Kasuwar Dole, in ya dace da Alhamis ya ga babbar ranar cinta. Zai ga aikin dukawa, jaka da takalmi da matashin fata da Damagaram ta shahara da su, ya tarar da geron Damargu da dabbobinta a hannun dillalai, ya sayi alkaki tsarabar yara. Hanyar jirgin ƙasa da ta iso Kano a 1911 ta karya cinikin hamada, kaya suka koma bin teku, amma cinikin hatsi da dabba tsakanin arewa da birnin bai yanke ba. Garin da ƙidayar 2012 ta sami sama da mutum 300,000 a cikinsa, mai jami'ar da aka kafa a 2010 wadda ke ɗauke da sunan masanin tarihi Andre Salifu, har yanzu yana kallon arewa in ana maganar abinci.

Kira

Abin da wannan tafiya ke nunawa shi ne tarihin Damargu yana rubuce a bangon Zinder, kuma bangon yana zubewa. Saboda haka ana roƙon abu uku. Na farko, iyaye da malaman makaranta su riƙa kai yara su taka Zango da Birni da ƙafarsu, domin gani ya kori ji. Na biyu, ɗaliban wannan ƙasa da ke karatu a jami'a su zauna da dattawa su rubuta abin da suka riƙe na hanyoyin ayari da tsofaffin rijiyoyi da kufai da jerin masu sarauta, tun masu labarin suna raye. Na uku, abin da ya sami masallacin Birni ya zama gargaɗi a gida. Falanko da ƙauyukanta suna da nasu tsofaffin masallatai da zaurukan sarauta da maƙabartu da itatuwan da aka san gari da su. Ya kamata fada ta ƙirga su, ta ɗora wa kowanne mai kula, a riƙa yi musu aikin gayya kafin kowace damina, domin waɗanda za su yi bikin shekara ɗari biyu su sami abin da za su nuna wa ƴaƴansu.

Allah ya jiƙan magabatan da suka riƙe wannan sarauta, ya ƙara wa mai martaba lafiya da adalci, ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da Damargu da Damagaram da Nijar baki ɗaya lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci.